Maganar Hannu ta Dencio

Coron, 13 ga Agusta, 2006

Nila,

Ranar 3 ga Mayu, 1989, mahaifinki ya bar ni a cikin nutsattsen jirgin nan na siminti, mita talatin da huɗu a ƙarƙashin teku, ya haye abinsa. Da wannan na fara don kada ki yi zaton tsufa ya shafe min shi. A ranar kunnena na hagu ya fashe, har yau ko tsawa ba ya ji. Shekara goma sha bakwai ke nan ban ce wa Dencio uffan ba, kuma da ya koma Manila wajenki ban je rakiya ba.

To, bayan haka, ina gaishe ki. Manang Oring mai dafa abinci a jirgin fasinja ta kawo min wasiƙarki har gida, ta tsaya sai da na buɗe, don gulma. Lafiyata kamar ta tsohon inji ce, in ya ɗau zafi yana tafiya. Har yanzu ina kai Turawa kallon jiragen Japan da yaƙi ya nutsar mana. Ni da na yi shekara uku ina karatun injiniyan jiragen ruwa a Iloilo, yanzu yaran da suka yi kwas na sati biyu ne ke duba min tulun iska, wai ko na ɗaura daidai.

Kin ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya mutu, yana ta motsa hannun hagu, likitoci sun ce ruɗewa ce. Likitocinku ba su taɓa shiga ruwa ba. Magana yake yi.

Kafin Turawa su zo da tulunansu da littafinsu na alamu, da tiyo muke nutso. Injin iska a kan kwalekwale, tiyo a tsakanin haƙora, takalman katako a ƙafa, muna harbin kifi a cikin jiragen nan. A can ƙasa babu baki, sai muka ƙirƙiri tamu maganar, ni da shi. Ba ta cikin kowane littafi.

Abin da kika kwatanta, ga shi. Yatsu biyu a ƙashin wuya: iska ta yi kaɗan. Ki ɗaga masa kai, ki buɗe taga. Dunƙulen hannu a kan kai: rufi ya yi ƙasa, wuri ya matse. Ina zaton kin kwantar da shi a ƙasan gado mai hawa biyu ko a wani lungu. Ki fito da shi. Shafa damtse daga sama zuwa ƙasa kuwa, tafkin Luluyuan yake nufi. Kin san shi, na dangin marigayiya mahaifiyarki, wanda in ka sauka mita goma sha huɗu sai ruwa ya koma zafi kamar na wankan jego. Ruwan ɗumi yake so. Mutumin nan duk ƙasar nan babu mai tsoron sanyi kamarsa.

Kada ki ɗauka don shi na yi. Kakana da kakansa wa da ƙane ne, shi ya sa kike ce min Tito, wato baffa, wannan ba laifina ba ne. Ke kuma na ɗauke ki a wuya kina da shekara huɗu, kika yi min fitsari, to akwai zumunci. Na sa miki gasasshen kashu a jakar Oring. Ki tabbata ya iso, na san hannunta.

Tito Belong

Manila, 25 ga Agusta, 2006

Tito Belong,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fata kana lafiya. Kashu ya iso, rabinsa. Manang Oring ta ce girgizar jirgi ce ta sa ya kwanta.

Tito, ban san da wane baki zan gode maka ba. Shekara takwas ina aikin jinya, ina juya iyayen mutane, amma nawa uban wata biyu yana roƙona ruwan ɗumi ina ba shi maganin barci. Ranar da na karanta wasiƙarka na dafa ruwa na goge masa jiki. Ya lumshe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa. Gaskiyarka ce kuma, a ƙarƙashin bene na sa gadonsa, don nan ne kawai wuri. Na mayar da shi bakin taga, ni na koma ƙarƙashin benen.

Da na shafa nawa damtsen na nuna masa, sai ya zaro ido. Na ce, “Tatay, ka san wa ya koya min?” Ya yi wani abu mai kama da dariya har da tari. Sai ya buɗe tafin hannunsa da ya mutu, ya yi ta rubutu a kai da ɗan yatsa. Na kawo biro da takarda, ya ture su. Ya sake yi, sannan ya miƙa hannu ya damƙi iska ya jawo ta zuwa ƙirjinsa. Tun ranar, kullum sai ya yi waɗannan biyun a jere, safe da yamma. Mene ne su?

Akwai wata kuma: yana ɗora hannu a baki yana buɗewa yana rufewa, amma ba ya yi sai in mai gidan hayarmu ta shigo gaishe shi.

Ban san abin da ya faru a jirgin siminti ba. Tatay bai taɓa faɗa min ba. Abin da na sani, duk lokacin da aka ambaci sunanka a gidanmu sai ya ce, “Insan ya fi ku duka ilimi, ku yi shiru.” Insan, wato ɗan’uwa, haka yake kiranka. Shi ke nan.

Kana cin abinci kuwa? Ko har yanzu kofi da busasshen kifi ne?

’Yarka,
Nila

Coron, 3 ga Satumba, 2006

Ineng Nila,

Gaisuwa. Ina nan ƙalau, sai gwiwa. Ina cin abinci, kada ki mayar da ni majinyacinki ta wasiƙa.

Hannu a baki yana buɗewa yana rufewa: wannan babban kifin nan ne, lapu-lapu, mai zama a ƙofar jirgi yana wangale baki ba ya yin komai. Mun saba laƙaba wa masu surutu. Kada ki gaya wa mai gidan hayarku.

Rubutu a tafin hannu kuwa ni ne. Sunana ke nan a ƙarƙashin ruwa, wato ɗan boko. Shi ya raɗa min don tsiya, saboda nakan zana taswirar cikin jirgi kafin mu sauka, shi kuwa ya ce kifi bai san taswira ba. Ɗayar alamar ban tuna ta ba. Shekaru sun yi yawa.

Jiya na kai wasu Jamusawa jirgin siminti. Buhunan nan na nan a jere, sun zama duwatsu, motar tura ƙasa tana rataye a gefenta kamar yadda take tun kafin a haifi mahaifinki. Da muka fito, ɗaya daga cikinsu ya ce min wurin na da kyau ƙwarai. Mutane sun mutu a ciki, shi kyau ya gani. Na ce masa na gode, don aikina ke nan.

Pido ne ya tuƙa mu. Kin tuna shi, mai haƙorin gwal, shi ke riƙe da injin iska a zamaninmu. Oring ta riga ta baza labari a kasuwa, don haka yana kashe inji ya zagayo ta kunnena mai ji.

“Injiniya, an ce ka zama tafinta.”

Na ce, “Ka kula da igiyarka.”

“Yaushe za ka Manila?”

“Me na ajiye a Manila?”

Ya ce, “Kai dai Allah ya yi jaki mai karatun boko. Ni ban gama aji uku ba, amma na san hanyar tashar jirgi.”

Na juya masa kunnen hagu. Amfaninsa ke nan.

Ki riƙa juya mahaifinki kada ya yi gyambo. Na san kin sani, amma na faɗa.

Tito Belong

Manila, 15 ga Satumba, 2006

Tito,

Ina gaisuwa. Ni lafiya lau. Tatay kuwa ya kama tari, ruwa na sarƙe shi in ya sha.

Ka yafe min, amma ƙarya ka yi. Mutumin da ya tuna ranar wata ta shekara goma sha bakwai da zurfin ruwa har mita, shi ne zai manta alama ɗaya? Ko ni da ban taɓa wuce wuyana a teku ba na gane. Jiya na ce, “Tatay, Tito Belong kake kira?” Ya damƙe min hannu har sai da na ji zafi.

Ba zan roƙe ka ba. Ban san abin da ya yi maka ba, wataƙila babba ne. Amma ka gaya min gaskiya, za ka zo ko ba za ka zo ba. Duk motsin ƙofa sai ya juya kai, ni kuma ba ni da abin da zan ce masa. In ba za ka zo ba, ka koya min yadda ake cewa “ba ya zuwa” da hannu, in faɗa masa da yaren da yake ji.

Nila

Coron, 1 ga Oktoba, 2006

Nila, ’yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe shi. Wasiƙarki sai jiya ta iso, guguwa ta hana jirgi tashi sati biyu. Na san kin ɗauka shiru na yi miki. Ni ma nan na ɗauka kin yi fushi kin daina, har na je tasha sau biyu ina yi kamar kifi na je saye.

Babu alamar “ba ya zuwa”. Ba mu taɓa bukatarta ba. Wadda yake yi kuwa, “matso kusa da ni” ce. Ana yin ta in laka ta tashi, ido ba ya ganin komai.

Ki zauna ki karanta wannan.

Injin iskar nan ni na haɗa shi. Na mutum ɗaya ne, ni na raba masa baki biyu, na yi lissafi a takarda na ce zai ɗauke mu har mita arba’in. Dencio ya ce, “Insan, anya?” Na ce masa wanda bai san jimla ba ya bar wa masu ita. A ranar, muna cikin ɗakin inji, tiyona ya maƙale a wani ƙarfe, laka ta turnuƙe, iska ta fara zuwa kaɗan-kaɗan. Na laluba ban same shi ba. Na fizge da ƙyar, na fito a guje kamar mahaukaci, na tarar da shi kwance a kwalekwale. A gaban mutanen kasuwar kifi na kira shi matsoraci, na ce ya bar ɗan’uwansa ya mutu.

Bayan kwana huɗu Pido ya same ni a asibiti. Ya ce injin ne ya gaza, ba zai iya ciyar da mutum biyu ba. Dencio ya gane, ya ƙulle nasa tiyon don iskar duka ta zo min, ya hau mita talatin da huɗun nan da numfashi ɗaya. Jini na fita ta hancinsa lokacin da Pido ya jawo shi.

Ke nan tun satin farko na sani. Sau uku ya zo gidana, ina jin sa, na ƙi fitowa. Da zan fito, sai in tsaya a kasuwar nan in ce lissafina ne ya kusa kashe mu, kuma wanda bai san jimla ba ne ya cece ni. Karatun nan shi kaɗai na mallaka, Nila. Ban gama shi ba, ban hau babban jirgi ko sau ɗaya ba, amma a garin nan ana ce min Injiniya. Na ce bari a kwana biyu. Daga nan na maimaita wa mutane labarin nawa har ya zauna min a baki, kin ga ma da shi na buɗe miki wasiƙa.

Zan zo. Sai dai ba zan shigo masa hannu wofi kamar mai zuwa roƙo ba. Ruwa ya gurɓace bayan guguwar, da ya kwanta zan ari kyamarar shagon nutson da nake wa aiki in ɗauko masa hoton ƙofar jirgin da lapu-lapun da ke gadinta yanzu, wataƙila jikan wancan ne. In kuma shiga Luluyuan in ciko masa kwalba daga ruwan zafin. Na san zai huce a hanya, ba sai kin faɗa min ba.

Ki rubuta a tafin hannunki, sannan ki ɗaga ɗan yatsa kina juya shi. Ma’anarsa: ɗan boko na tafe.

Tito Belong

Manila, 6 ga Oktoba, 2006

Tito,

Gaisuwa da sauri, Manang Oring na tsaye a kaina.

Na karanta masa duka, ban tsallake komai ba. Da na kai wajen tiyon da ya ƙulle, sai ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Da na yi masa alamar da ka koya min, ya sa na maimaita sau biyar. Sannan ya yi rubutu a tafi, ya biyo da lapu-lapu. Ina jin cewa yake surutunka ya yi yawa.

Yau ya ɗan samu sauƙi, ya sha kunun shinkafa rabin kwano, ya sa na aske masa gemu.

Kada ka kawo komai. Kai yake so, ba kifi ba. Ka zo kawai.

Nila

Coron, 21 ga Nuwamba, 2006

Nila,

Ina gaishe ki. Ina fata kin koma aiki, kina cin abinci. Na iso gida lafiya. Jiya an yi masa addu’ar kwana arba’in a coci, Pido ya zo da iyalinsa, dangin mahaifiyarki ma sun ƙetaro daga tsibiri da kwalekwale biyu. Bayan an tashi na tsaya a bakin ƙofa na faɗa musu abin da ya faru a 1989. Wata tsohuwa ta ce, “Injiniya, ai kowa ya sani.” Ashe Pido ya gaya wa duk garin tun a lokacin. Ni kaɗai ake lallaɓawa.

Kwana shida muka yi tare a gidan makoki, ba ki tambaye ni me ya tsayar da ni ba. Kin ba ni kujera, kin ba ni kofi, kin zauna ta gefen kunnena mai ji. Ni ma ban iya faɗa ba. A takarda na fi iya magana.

Wasiƙarki ta iso ranar Asabar. Jirgi na komawa Lahadi, jakata a ɗaure take. Na karanta “kada ka kawo komai”, na kuma karanta “ya ɗan samu sauƙi”, sai na zaɓi wanda ya yi min daɗi. Kin ce min a maƙabarta da ma ba ki rubuta wannan layin ba. Ki cire wannan daga ranki. Kin rubuta abin da kika gani ne, ni ne na karanta abin da nake so. Na ce ruwa zai wanke zuwa Talata, in yi nutsona, in hau jirgin sama Laraba, awa ɗaya na iso.

Talata ruwa ya yi garau. Na sauka jirgin siminti da safe, na daɗe fiye da ƙa’ida ina jiran kifin ya juyo da fuska. Da rana na hau duwatsun da suka kewaye tafkin da tulu a baya, na shiga Luluyuan har mita talatin, na cika kwalba. Ƙarfe uku na fito. Raina fes, rabona da jin haka har na manta. Muna ɗaure kwalekwale ’yar Pido ta taho da waya, ga saƙonki: numfashinsa ya canza, ka hau jirgin gobe.

Sai a lokacin na yi lissafin da nake yi wa baƙi kullum. Wanda ya yi nutso mai zurfi ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana ya wuni, in ba haka ba iskar da ta taru a jininsa ta yi kumfa a sama. Nutso biyu na yi, masu zurfi, ina da shekara sittin da shida. Jirgin ƙarfe tara na safe ne, shi kaɗai a rana. Tun Asabar da na tsara tafiyar ban haɗa waɗannan biyun ba. Ni da nake rubuta dokar a allo da Turanci.

Na ce wa Pido zan hau haka nan.

Ya ce, “Hau mana. A sauke ka a kan gadon marasa lafiya, yarinyar ta yi jinyar shanyayyu biyu.”

Na ce, “Raina ne.”

“Ranka? Wani ya ƙulle tiyonsa ya bar maka shi. Ba naka ba ne kai kaɗai da za ka zubar.”

Da safe duk da haka na fito da jaka. Na tarar ya zauna a ƙofata da kujerarsa, ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Ba sai ya yi ƙoƙari ba. Na taɓa ɗaukar mutumin da ciwon nan ya kama, na san yadda ƙafafu ke mutuwa. Na ajiye jakar. Na mayar da tikitin na Alhamis.

Hotunan na wajenki, ki yi yadda kika ga dama da su. In kin samu hutun Kirsimeti ki zo, ɗakin baya na nan, zan gyara rufin. Zan kai ki tafkin mahaifiyarki ki yi iyo a sama-sama, Pido ya gasa mana kifi. Kada ki ba Oring saƙon abin ci.

Kin ce da safiyar Laraba ya yi alamar “matso kusa da ni” sau biyu, kin ce masa gobe. Na gode da kika gaya min, ba ki ɓoye ba.

Dencio ya rasu ranar Laraba, 11 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana. Ina zaune a bakin ruwa a Coron da tikiti a aljihu. Ban gan shi ba.

Tito Belong